Ƙwaya ɗaya a rana: tarihin maganin rigakafin ƙanjamau da mazan da aka fara tabbatar da ingancinsa a jikinsu

Yau za mu taɓo wani tarihi da yawancinmu ba ma son a ɗago shi a bainar jama'a, alhali duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai cutar ƙanjamau, ko ya raka wani layin karɓar magani, yana da rabo a cikinsa. Tarihin wata ƙwayar magani ce shuɗiya mai suna Truvada, da hanyar rigakafin da likitoci suka raɗa wa suna PrEP. Ma'anarta ita ce mutumin da ba ya ɗauke da ƙwayar cutar HIV ya riƙa shan magani tun kafin ya haɗu da ita, ta yadda ko ta shiga jikinsa za ta kasa samun wurin zama. Waɗanda aka fara tabbatar da ingancin wannan hanya a jikinsu, waɗanda kuma suka fi kowa fafutukar ganin ta wadata, su ne maza masu saduwa da maza. Mun san ra'ayin mafi yawanmu game da wannan al'amari, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ya ɗaure mana kai daban ne. An tabbatar maganin yana aiki tun 2010, amma aka kwashe shekaru dubban mazan da aka yi shi dominsu suna ci gaba da kamuwa, magani kuwa yana ajiye a kanta. Me ya shiga tsakani?

Farkon labarin sananne ne, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. Ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ba sai a jikin wanda garkuwarsa ta rushe. Dukkansu masu saduwa da maza ne, biyu sun riga sun mutu. Daga nan aka shiga shekara goma sha biyar na binne matasa. Makami ɗaya da suke da shi shi ne kwaroron roba, kuma su da kansu suka koyar da juna amfani da shi tun daga 1983, lokacin da gwamnati ke kawar da kai. Mu riƙe wannan, domin zai dawo. A wurin waɗanda suka tsira daga wancan zamani, kwaroron roba ya zama kamar alkawari tsakaninsu da abokansu da suka mutu.

Tunanin a sha magani don kariya ya samo asali ne daga mata masu juna biyu. A 1994 aka gano cewa idan aka ba mai ciki maganin AZT, yiwuwar jaririnta ya kamu yana raguwa da kusan kashi biyu cikin uku. Shekara guda bayan haka wasu masu bincike a Jami'ar Washington suka ba birai wani sinadari mai suna tenofovir, wanda wani masani a birnin Prague, Antonín Holý, ya fara haɗawa, sannan suka sa musu ƙwayar cutar birai mai kama da HIV. Ko ɗaya daga cikin waɗanda suka samu maganin bai kamu ba. Yadda abin yake shi ne, ƙwayar HIV ba ta iya hayayyafa sai ta kwafi kanta a cikin ƙwayoyin jikin mutum. Maganin yana shiga ya zauna a cikin waɗannan ƙwayoyin jiki, idan ta zo yin kwafi sai ta ɗauki tubalin bogi, ginin ya tsaya. Kamfanin Gilead ya haɗa tenofovir da wani magani, emtricitabine, a ƙwaya ɗaya, aka amince da ita a 2004 domin jinyar waɗanda suka riga suka kamu. Ita ce Truvada.

Gwajin farko a jikin mutane bai yi armashi ba, kuma a nan labarin ya ratso ta gidanmu. An shirya gwada tenofovir a kan mata masu zaman kansu a Kambodiya, da kuma mata a Kamaru da Najeriya da Ghana. A Kambodiya matan suka tambaya: idan mun kamu a lokacin gwaji, ko maganin ya yi mana illa, wa zai ɗauki nauyin jinyarmu? Ba a ba su amsar da ta gamsar da su ba, Firayim Minista Hun Sen ya dakatar da aikin a 2004. Kamaru ta dakatar da nata a farkon 2005, aka rufe na Najeriya a watan Maris na wannan shekarar saboda wurin gwajin bai cika ƙa'idojin aiki ba. Ghana kaɗai ta kai ƙarshe, kuma adadin bai isa a yanke hukunci ba. Tambayar matan Kambodiya tambaya ce ta gaskiya. Amma sakamakon rikicin shi ne an yi asarar shekaru.

Sai a 2007 aka fara gwajin da ya warware zancen, mai suna iPrEx, ƙarƙashin jagorancin Dokta Robert Grant na San Francisco. An ɗauki mutum 2,499, maza masu saduwa da maza da wasu 'yan kaɗan da suka sauya jinsi zuwa mata, a ƙasashe shida: Peru, Ekwado, Burazil, Afirka ta Kudu, Tailan da Amurka. Abin lura, fiye da rabinsu 'yan Peru ne. Wato maganin da daga baya ya zama na masu hali a manyan biranen Turai da Amurka, a jikin samarin Lima da Iquitos aka fi gwada shi. An raba su gida biyu, rabi suna shan Truvada, rabi suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki, kuma babu wanda ya san wacce yake sha. Kowa ana ba shi kwaroron roba da nasiha da gwaji a kai a kai.

A watan Nuwamba 2010 sakamako ya fito. Mutum 100 sun kamu a tsawon gwajin, 64 a ɓangaren ƙwayar bogi, 36 a ɓangaren magani. Ragin kashi 44 cikin ɗari ke nan. An yi murna, har Shugaba Obama ya aika saƙon taya murna, amma masu shakka suka ce ina amfanin maganin da bai kare ko rabi ba? Amsar tana cikin jini. Da ana tambayar mahalarta ko suna shan maganin, kusan kowa cewa yake yana sha kullum. Da aka auna jinin waɗanda suka kamu a ɓangaren magani, sai aka tarar da alamar maganin a jikin mutum 3 kacal daga cikin 34 da aka duba. Sauran ba sa sha. A cikin waɗanda aka samu maganin a jininsu, kariyar ta haura kashi 90. Wani nazari da ya biyo baya a 2012 ya ƙiyasta cewa ƙwaya biyu a mako tana ba da kariyar kashi 76, huɗu a mako kashi 96, bakwai a mako kashi 99.

Bai kamata mu yi saurin zargin waɗancan samari da ƙarya ba. An gaya musu ƙila ƙwayar bogi suke sha, an gaya musu ko ta gaske ce ba a san ko tana aiki ba. Wasu suna zaune da iyayensu, kuma kwalbar maganin ƙanjamau a ɗaki tonon asiri ce. Sannan kowa cikinmu ya san yadda ake amsa wa likita mai fara'a idan ya tambaya ko mun sha magani. Tun daga wannan gwaji aka ga abin da zai addabi PrEP har yau: maganin yana yin aikinsa, wahalar tana wajen kai shi bakin mutum.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Truvada a matsayin rigakafi ranar 16 ga Yuli 2012. Da yawa sun zaci za a yi rububi. Shiru. Alƙaluman da kamfanin ya tattara daga shagunan magani sun nuna mutum 1,774 ne kawai suka fara sha daga farkon 2011 zuwa Maris 2013, kusan rabinsu ma mata ne. Wannan a ƙasar da mutum kusan dubu hamsin ke kamuwa duk shekara a lokacin, mafi yawansu maza masu saduwa da maza.

Kuɗi na daga cikin dalilai, domin farashin shekara guda ya haura dala dubu goma. Likitoci da yawa ba su san da zancen ba, waɗanda suka sani kuma wasu ba sa son rubutawa. Amma adawar da ta fi zafi daga cikin gida ta fito. A ƙarshen 2012 wani marubuci daga cikinsu ya wallafa maƙala yana kiran masu shan maganin karuwan Truvada, sunan kuwa ya bi gari. Michael Weinstein, shugaban AIDS Healthcare Foundation, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kula da masu ƙanjamau a duniya, ya kira shi maganin sharholiya a 2014, ya kuma kashe kuɗi wajen tallan adawa da shi. Har Larry Kramer, dattijon da ya taimaka wajen kafa ƙungiyar ACT UP a 1987, wanda ya yi shekaru yana zagin gwamnati kan jinkirin samar da magani, ya ce akwai ragwantaka a shan ƙwaya maimakon sa kwaroron roba. Daga baya shi da marubucin can duk sun sauya ra'ayi.

Muna ganin ya dace a yi wa waɗannan dattawa adalci. Mutanen da suka binne abokai ɗari ba za su ji daɗin ganin yara suna ajiye abin da ya cece su ba. Tsoronsu cewa sauran cututtukan saduwa za su ƙaru ma ba a banza yake ba: PrEP ba ya kare mutum daga ciwon sanyi ko tunjere. Wani asibiti a San Francisco ya bi diddigin mutum 657 masu shan maganin, ya fitar da rahoto a 2015 cewa cikin shekara guda kusan rabinsu sun kamu da wata cutar saduwa. To amma a cikin rahoton nan dai, ko mutum ɗaya bai kamu da HIV ba. Kuskuren masu adawa shi ne sun auna maganin da mutumin da suke fata, mai sa kwaroron roba kowane lokaci, alhali alƙaluman masu kamuwa sun daɗe suna nuna cewa wannan mutumin ya yi ƙaranci. Ciwon sanyi ana warkar da shi da allura. HIV kuwa shan magani ne har ƙarshen rayuwa. Kuma illar sunan karuwan Truvada ita ce ya mayar da neman kariya abin kunya, ta yadda saurayi zai gwammace ya yi kasada da ya buɗe baki a gaban likita.

Abin ya fara juyawa a 2014. CDC ta fitar da ƙa'idojin rubuta maganin a watan Mayu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa ga maza masu saduwa da maza a watan Yuli, wani ɗan majalisar birnin San Francisco, Scott Wiener, ya fito fili ya ce yana sha. Wasu matasa suka buga sunan zagin nan a jikin riguna suna yawo da shi. Sannan a farkon 2015 gwaje-gwaje biyu daga Turai suka rufe bakin masu cewa mutane ba za su sha ba. A Ingila, gwajin PROUD ya ɗauki maza 544 a asibitocin gwamnati 13, aka ba rabi maganin nan take, aka ce rabi su jira shekara guda. Mutum 20 suka kamu a cikin masu jira, 3 a cikin masu sha, har dole aka katse jiran tun kafin lokaci domin ci gaba da shi zai zama zalunci. A Faransa da Kanada, gwajin IPERGAY ya gwada sha lokacin buƙata kawai: ƙwaya biyu kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24, wata ɗaya bayan awa 48. Dukkan gwaje-gwajen biyu sun ba da kariyar kashi 86. Faransa ba ta ɓata lokaci ba, ta fara biyan kuɗin maganin daga Janairu 2016.

Ingila kuwa, inda aka yi gwajin, a nan aka yi abin kunya. A watan Maris 2016 hukumar lafiya ta NHS reshen Ingila ta ce rigakafi ba aikinta ba ne, na ƙananan hukumomi ne, su kuma ba su da kuɗin. Ƙungiyar National AIDS Trust ta kai ƙara, ta yi nasara a watan Agusta, ta sake yin nasara a kotun ɗaukaka ƙara a watan Nuwamba. A tsakanin nan wasu jaridu suka yi ta gwama maganin da jinyar yara marasa lafiya da aikin idon tsofaffi, suna tambayar wa ya fi cancanta da kuɗin gwamnati.

Su kuwa mazan ba su tsaya jiran kotu ba, kuma wannan ne ɓangaren labarin da ya fi burge mu. Wani mai suna Greg Owen, ɗan asalin Belfast da ke zaune a Landan ba shi da tsayayyen aiki, ya samu 'yan ƙwayoyin Truvada daga wani aboki a watan Agusta 2015. Ƙa'ida ce sai an yi gwaji kafin a fara sha, domin wanda ya riga ya kamu idan ya sha wannan kaɗai ƙwayar cutar za ta iya bijire wa magani. Ya je gwaji, aka ce masa ya riga ya kamu. Ya makara da 'yan watanni. Maimakon ya shige ɗaki, sai shi da wani abokinsa, Alex Craddock, suka buɗe shafi a intanet a watan Oktoba suna nuna wa mutane yadda za su sayi irin wannan magani da kamfanonin Indiya ke yi. Dokar Birtaniya ta yarda mutum ya shigo da maganin wata uku don amfanin kansa. Abin da ake sayarwa kusan fam 400 a wata a Landan, ana samunsa daga Indiya a kusan fam 40. Tambayar da ta rage ita ce ko na gaske ne ko jabu. Sai likitocin wani asibitin gwamnati da ke lamba 56 a titin Dean suka fara auna jinin masu saye, suka tabbatar maganin na gaske ne, suna kuma duba musu lafiyar ƙoda. A 2016 adadin sababbin masu kamuwa da aka gano a wannan asibiti ya faɗi da kusan kashi 40. Ba PrEP kaɗai ya jawo haka ba, yawan gwaji da saurin ɗora masu cutar a kan magani sun taimaka. Amma an shekara da shekaru ba a ga irin wannan faɗuwa ba. Sikotland ta fara ba da maganin kyauta a 2017. Ingila sai a 2020 ta mayar da shi abin da kowa zai iya samu a asibiti, shekara biyar bayan gwajinta.

A Amurka yawan masu sha ya ƙaru sosai, sai dai ba a gidajen da gobarar ta fi ci ba. A 2016 CDC ta ƙiyasta cewa idan abubuwa suka ci gaba yadda suke, ɗaya cikin biyu na baƙaƙen maza masu saduwa da maza zai kamu da HIV a rayuwarsa, ɗaya cikin huɗu na 'yan asalin Latin Amurka, ɗaya cikin goma sha ɗaya na Turawa. Ƙiyasin hukumar na 2022 kan waɗanda ya kamata a ce suna shan PrEP kuma ya nuna an rubuta wa kashi 94 na Turawa, kashi 24 na 'yan Latin, kashi 13 na baƙaƙe. Bincike ya sha nuna cewa baƙaƙen ba su fi Turawan yin kasada ba. Bambancin yana wajen inshorar lafiya, da nisan asibiti, da zama a jihohin kudu inda kusan rabin sababbin masu kamuwa suke, da rashin yarda da likitoci wanda ke da nasa dogon tarihin. Ga kuma farashi, da ya kai kusan dala 2,000 a wata kafin a fara sayar da na wasu kamfanoni a 2020, alhali a wasu ƙasashe ana samun na wata guda da 'yan daloli.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HIV. A tsakanin maza masu saduwa da maza, binciken gwamnati na 2014 ya samu kusan kashi 23. A watan Janairu na wannan shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko mara musu baya. An yi dace wasu masu bincike suna bin diddigin irin waɗannan maza a wani asibiti a Abuja tun kafin dokar, don haka suka iya kwatanta kafin da bayan. Masu cewa suna tsoron zuwa neman lafiya sun tashi daga kashi 25 zuwa 38. Ko mene ne matsayin mutum a kan dokar, wannan adadi yana nan. Kuma da yawa daga cikin mazan nan suna da mata ko 'yan mata, wasu da 'ya'ya. Matar da ke gida ba ta san komai ba, kariyarta tana rataye ne a kan ko mijinta zai iya shiga asibiti ya faɗi gaskiya a ba shi magani.

Masana sun yi ƙoƙarin magance matsalar mantuwa da ɓoyon kwalba ta hanyar allura. A ƙarshen 2021 Amurka ta amince da cabotegravir, allurar da ake yi duk wata biyu, bayan gwaji a kan maza masu saduwa da maza ya nuna ta fi ƙwayar kariya. A 2024 aka gwada lenacapavir, allura sau biyu a shekara: a cikin 'yan mata sama da dubu biyu da aka yi wa a Afirka ta Kudu da Uganda babu wadda ta kamu, a gwajin maza kuma ragin ya kai kashi 96. FDA ta amince da ita a watan Yuni 2025, a kan farashin da ya haura dala 28,000 a shekara a Amurka. A watan Satumba aka sanar da yarjejeniya da kamfanonin Indiya cewa daga 2027 za su sayar da ita a kan dala 40 a shekara ga ƙasashe 120 masu ƙaramin ƙarfi.

Sai dai a farkon shekarar 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ciki har da shirin PEPFAR wanda a lokacin yake ɗaukar nauyin mafi yawan PrEP a Afirka. Da aka sassauta dakatarwar don a ci gaba da ayyukan ceton rai, umarnin da ya fito ya ce a ba da PrEP ga mata masu ciki da masu shayarwa kaɗai. Cibiyoyi da dama da mazan nan ke zuwa ba tare da fargaba ba, a ƙasashen Afirka daban-daban, suka rufe ƙofa ko suka sallami ma'aikata. Allurar wata shida ma sai mutum ya je da ƙafarsa, an gwada jininsa, ya kuma amsa tambayar ma'aikacin lafiya kan dalilin da ya sa yake buƙatarta.